Ranar da Na Ƙi Buɗe wa Kumandan Gida

A Damagaram, ina cikin mutanen farko da aka taɓa ɗauka aiki don buga ƙwallo kawai. Da na so in ce ba alfahari nake yi ba, amma na tsufa, ba zan fara ƙarya yanzu ba. Da ɗan alfaharin a ciki.

Lokacin nan Nasara sun zauna, amma ba su tsufa a ƙasar ba. Dattawan da suka ga shigowarsu suna nan da ransu, suna hira a gindin ganuwa. An riga an ɗauke mazaunin gwamna an kai Yamai, aka bar mana sojoji a barikin kan duwatsu, da kumandan, Baturen da ke mulkin gari, da kantunan masu sayen gyaɗa. Sojojin ne suka zo da ƙwallo. Mu balo muke ce mata, yadda muka ji a bakinsu.

Mahaifina baduku ne a Birni, tsohon gari na cikin ganuwa, gidanmu kullum warin fata da bagaruwa yake yi. Idan ɗinkin ƙwallon sojoji ya farke, wurinsa suke kawowa. Shi kuwa idonsa ya fara rauni, sai ya miƙo mini. Ina saurayi a lokacin, dogo, hannuna kamar faifai. In na ɗinke na mayar musu, sai su ce in tsaya tsakanin sanduna biyu su gwada ƙarfin ɗinkin a kaina. Da dariya suka fara, suna auna fuskata. Kafin damina biyu sun daina dariya, don ƙwallon ta daina wuce ni.

A shekarun nan ne kuma na zama Kirista. Gyambo ne a ƙauri ya kai ni gidan mishan. Ya warke, ni ban daina zuwa ba. Na koyi karatun boko, na ji labarin Almasihu, ya kama ni, aka yi mini baftisma a wani tafki bayan gari. Baba bai kore ni ba, bai zage ni ba. Ya dai rage magana da ni, sai ta aiki: miƙo wuƙa, jiƙa fatar nan. A unguwa aka ware mini ƙwarya. Abokan da muka tashi tare, in na iso majalisa sai hira ta mutu. Wuri ɗaya ne ba a tambayata addinina, wato filin ƙwallo. A can tambaya ɗaya ce, ka kama ko ba ka kama ba. Duk wanda bai taɓa zama saniyar ware a garinsu ba, ba zai gane abin da filin nan ya zame mini ba.

Akwai wani Bafaranshe mai babban kantin gyaɗa, muna ce masa patoro, wato maigida. Mutum ne gajere, mai jan wuya, mai son a san da shi. Ya ga sojoji suna da ekip, wato ƙungiyar ƙwallo, ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, suna da ekip, shi ma ya ce sai ya yi tasa. Ya bi gari yana tsintar waɗanda suka iya, yana ba su aiki a kantinsa. Aikin suna ne kawai. Ni aka ce mai gadin sito ne, amma ban taɓa riƙe makulli ba. Aka ba mu riguna shuɗɗa da takalma masu ƙusa, waɗanda suka yi wata guda suna cin dugadugaina kafin su saba da ni. Da safe mu ɗan zazzauna a inuwar buhuna, da yamma mu tafi fili.

Shugaban ekip ɗinmu wani tela ne daga unguwar Zango, Babarbare, ya girme ni da kusan shekara goma, yana da iyali da yawa. Yaya nake ce masa, shi kuma yana ce mini ɗan mishan. A bakin wasu wannan suna zagi ne, a bakinsa kuwa kamar sunan yanka. Kafin mu fara motsa jiki sukan yi sallar la'asar a gefen fili, ni kuma in zauna da ƙwallo a cinya in yi tawa addu'ar. Ranar da wani ya ce ba zai sha ruwa a tulun da na sha ba, Yaya ya ce masa, “To, gobe in an bugo, kai ka tare, tun da hannunsa ba shi da tsarki.” Daga nan maganar ta mutu.

Wanda bai so abin ba shi ne baturen mishan, wanda ya yi mini baftisma. Ba Bafaranshe ba ne, daga can ƙetaren teku ya zo, kuma ya iya Hausa har da karin magana. Mu masu bi a lokacin ba mu cika tabarma biyu ba, don haka kowa idonsa na kansa. Ya kira ni bayan sujada.

“Ɗana, na ji ana yi maka kirari da kalangu a bakin fili.”

Na ce, “Ana yi, Malam.”

“Na ji sojoji suna caca a kan wasanku.”

“Suna yi. Ni ba na yi.”

Ya ce ƙwallo banza ce, abin duniya ne, girman kai take haifarwa. Ya ce in zaɓa, ko fili ko karatu a gaban jama'a ranar Lahadi, don ni nake karanta musu maganar Allah. Na ce masa, “Malam, wanda ya ba ni bakin karatu shi ya ba ni hannun nan. Ban ga inda ya ce in gode masa da ɗaya in ɓoye ɗaya ba.” Ya ba wani karatun. Na ci gaba da zuwa sujada, ina zama a baya, na kuma ci gaba da zuwa fili.

Haka muka yi shekara biyu. Mun ci ƴan lakwal, mun ci sojoji baƙaƙe, har an sa mu a motar gyaɗa an kai mu wasa wani gari mun ciyo. Sai aka kawo sabon kumandan.

Faransawa suna da bikinsu na shekara wanda ke faɗowa cikin damina. A wannan shekarar aka ce za a yi wasa don girmama sabon kumandan: ekip ɗin Turawa zalla, sojoji da ma'aikatan biro, wato ofishin gwamnati, za su kara da mu. Ƙaramin kumandan, wato mataimakinsa, shi ne mai buga musu gaba. Gari ya ɗauka. A kasuwa ba a maganar komai sai wannan, don ba a taɓa ganin baƙi da Turawa sun tsaya fili ɗaya, doka ɗaya ba.

Saura kwana uku, patoro ya kira ni da Yaya ofis ɗinsa. Ya rufe ƙofa. Yana neman izinin gina sabon sito a bakin hanya, takardar kuma tana kan teburin kumandan. Bai ɓoye mana ba. Da gurguwar Hausarsa ya ce, “Su ci. Biyu. Ku yi wasa kyau, mutane su ji daɗi, amma su ci.” Ya nuna ni da bakin lofensa. “Kai, ka faɗi hagu, balo ta tafi dama. Ka makara kaɗan. Shi ke nan.”

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, “To, mushe,” yadda ake kiran Bature da Faransanci.

Da muka fito, Yaya ya riƙe hannuna muna tafiya.

“Ɗan mishan, na ga fuskarka. Kada ka ja mana. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.”

Na ce, “Yaya, ladan tare ƙwallo na ci.”

“Wasa ne fa. Fata ce da iska.”

“In wasa ne, me ya sa ya rufe ƙofa?”

Ya ce in tuna yana da bakuna tara a gida, sauran ma kowa da nasa.

Na wuce gidan mishan, don a lokacin ban san inda zan kai irin wannan damuwa ba sai can. Bature ya saurare ni har na gama. Na ga alamar yana so ya ce ai na gaya maka, amma ya haɗiye. Ya ce mu ƴan kaɗan ne, zamanmu a garin ma da yardar kumandan ne, kada in jawo wa jama'ar Allah fitina a kan abin da bai kai ba. Shawararsa ita ce kada in yi wasan. In kwanta a gida in ce ba ni da lafiya.

Na ce, “Malam, lafiyata ƙalau.”

Ya kau da kai.

Na ce, “Kai ka koya mini an hana mu shaidar zur. In na faɗi hagu na san dama za ta, na yi shaidar zur a gaban gari duka, da jikina na yi ta, ba da baki ba. In na kwanta na ce zazzaɓi, na yi ta a kan tabarma. Wacce ce mai sauƙin a wurin Ubangiji?”

Ya cire tabarau ya goge, ya ce taurin kaina zai wahalar da ni. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Washegari da safe na koma wurin patoro ni kaɗai. Ban so in yaudare shi ba, shi ma. Na ce, “Mushe, ba zan buɗe gida ba. In an bugo zan tare. In ba ka so, cire ni tun yanzu ka sa wani.” Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya kwashe da dariya. Ba shi da wani mai tsaron gida, kuma ya saba ganin mutane suna cika baki a ofis, su je gaban kumandan su lashe amansu. Ya ce in fita in ba shi wuri.

Ranar wasan an yi yayyafi da hantsi, ƙasa ta kwanta, ba ƙura. Bayan la'asar fili ya cika. Mutane har kan duwatsu, kamar an shanya tufafi. Aka kafa wa kumandan da matan Turawa rumfa, aka jera kujeru, patoro yana zaune a bayansu. Alƙalin wasa wani babban soja ne nasu, mai muƙamin lajidan.

Ana busawa na gane ni kaɗai ne a filin. Ƴan bayana, waɗanda na san ko akuya ba ta wuce su, sai ga su suna sulɓewa kamar an shafa wa ƙasa mai. Yaya yana karɓar ƙwallo ya miƙa wa Bature a ƙafa kamar mai ba da goro. Ban ga laifinsu ba a lokacin, ban kuma gani ba har yau. Na ce a zuciyata, Ubangiji, ban roƙe ka nasara ba, ka dai hana ni yin ƙarya.

Suka yi ta zuwa. Na kama ta sama, na ture ta ƙasa, na fita na kwanta a ƙafar wani ƙaton sarzan ya tsallake ni ya faɗi. Turawan ba su iya sosai ba, gaskiya, zafi kuma ya dame su, fuskokinsu sun yi ja kamar gauta. Amma ko makaho ne ya yi ta jifa, wata rana zai sami tulu. Mutanen gari ba wawaye ba ne. Tun kafin a tafi hutu sun gane abin da ake ciki. Sowar da ake yi wa ekip ta koma kaina ni ɗaya. Na ji mai kalangu ya matso bayan sandunana yana kiɗa, yana kirana ƙofar Birni da ba a buɗewa da dare. Mutanen da suka ware mini ƙwarya su ne suke ihu. Ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Baturen mishan bai yi kuskure duka ba a kan girman kai.

Da aka tafi hutu ba wanda ya zauna kusa da ni. Patoro ya aiko a gaya mini saura rabi, in yi hankali. Na sha ruwa na koma.

Ana cikin rabi na biyu, ƙaramin kumandan ya shigo da gudu, ya yi tuntuɓe da ƙafarsa ya faɗi, ba wanda ya taɓa shi. Lajidan ya busa, ya ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ƙaramin kumandan ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya dubi rumfa, ya dube ni. Na gane an gaya masa hagu zan faɗi, don ko ɓoye ƙafarsa bai yi ba. Ya buga dama da duk ƙarfinsa. Na bi ta. Ta daki yatsana na tsakiya, na ji ƙas, ta fita waje.

Ihun da aka yi, daga baya an ce har majema, can inda ake jimar fata, an ji shi. Lajidan ya busa, ya ce na motsa kafin a buga, a sake. Na tashi, yatsa ya juya baya. Yaya ya zo ya kama hannun ya duba, ya ce a hankali, “Ya isa haka, ƙanena. Ka yi naka.” Na ce ya yage mini gefen rigata ya ɗaure yatsan da na kusa da shi. Ya dube ni, ya yage tasa rigar, ya ɗaure.

Ƙaramin kumandan ya sake ja da baya. Wannan karon bai san inda zan faɗi ba, ni ma ban sani ba, kuma da ya buga ta daidai da ban iya tarewa ba. Amma hannun mai fushi ba ya ɗinki. Ya daki ƙasan ƙwallon, ta tashi sama, ta haye sanda, ta haye mutane, ta faɗa cikin tallar wata mai fura. Wani ya fara dariya a kan duwatsu. Sai gari duka ya ɗauka. Dariyar nan ce laifina, ba tarewar ba. Kumandan zai iya yafe canjaras, amma ba zai yafe a yi wa mataimakinsa dariya a gaban matansu ba.

Daga nan ƴan bayana suka daina sulɓewa. Ƙafafunsu ne suka dawo. Yaya bai nemi ci ba, amma bai ƙara ba kowa goro ba. Aka tashi ba wanda ya ci wani. Kumandan ya miƙe ya tafi ba tare da ya ba kowa hannu ba.

Washegari aka karɓe riga da takalma. Patoro bai ko fito ba, ta taga aka gaya mini kada in ƙara taka ƙofar kantin. Sauran ya bar su, don na faɗa a gaban kowa cewa ni kaɗai na ƙi. Bayan mako guda mai unguwa ya zo gidanmu, yana kallon ƙasa, ya ce sunana ya fito cikin masu aikin tilas na hanyar gabas. A lokacin ba a tambayar dalili. Baba yana zaune yana yankan fata, bai ɗago ba sai da mai unguwa ya fita. Sannan ya ce, “An ce ka gaya wa Nasaran kantin tun kafin ranar.”

Na ce, “Na gaya masa, Baba.”

Ya ce, “To.” Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da takalman fata masu kauri, irin na matafiya, ya ajiye a gabana. Iyakar maganarmu ke nan.

Wata uku na yi ina fasa dutse da ɗaukar ƙasa a wajen Gidimuni. Da rana muna hango tafkin da itatuwan dabino, ba dama mu je sai an ba da izini. Yatsan ya warke a karkace, don hannun bai huta ba. Na yi zazzaɓi na gaske a can, irin wanda aka so in yi na ƙarya, na kuwa yi wa kaina dariya. Akwai ranakun da na yi fushi da Allah. Na ce masa ga sakayyar gaskiya ke nan? Bai ba ni amsa ba, ni kuma ban janye ba. Abin da na sani shi ne, ko a ranar da ta fi kowace muni, ban taɓa cewa da na sani ba. Shi wanda nake bi, da aka tsayar da shi gaban gwamnan zamaninsa, bai sauya magana don ya tsira ba. Nawa bai kai ƙurar nasa ba, ƙwallo ce kawai. Amma ƙwallon ce aka sa a gabana, ba a tambaye ni wani abu mafi girma ba.

Sau biyu Yaya ya aiko mini da ƙilishi ta hannun direban motar gyaɗa. Baturen mishan kuwa da kansa ya zo a kan doki, tafiyar kwana biyu, ya kawo mini kinin, maganin zazzaɓi. Bai ce na yi daidai ba. Ya dai zauna a kan dutse kusa da ni muka yi addu'a, da zai tafi ya ce in na dawo karatun ranar Lahadi yana jirana.

Na dawo, na koma dukanci a gefen Baba. Ban ƙara buga wa kowa ƙwallo don albashi ba, ba wanda zai ɗauke ni ma. Ekip ɗin patoro ta watse bayan shekara guda, shi ma ya sayar da kantin ya koma ƙasarsu. Ban san ko ya sami izinin sitonsa ba, ban tambaya ba. Na yi aure, na haifi ƴaƴa, na ga tafiyar Nasara da idona.

Yanzu ina jin wasa a rediyo. Ana sayen ƴan wasa ana sayarwa daga ƙasa zuwa ƙasa, wani in ya ci sai a ce ya durƙusa ya nuna sama. Ba na raina su. Neman abinci suke yi, kamar yadda na yi. Na dai san kowanne cikinsu akwai ranar da wani zai kira shi ɗaki ya rufe ƙofa, nakan yi musu addu'a saboda ranar, musamman masu tsaron gida.

Bara wani sabon fasto, yaro mai ƙwazo, ya ji labarin nan a bakin jikokina. Ya zo gida ya gaishe ni, ya ce yana so in tsaya gaban matasa in ba da shaida, in gaya musu yadda ƙwallo ta kai ni ga wahala da yadda Ubangiji ya raba ni da ita, don su bar fili su riƙa zuwa majami'a.

Na ce, “Ɗana, ba Ubangiji ne ya raba ni da ita ba, kumandan ne.”

Ya yi murmushi ya ce ai duk ɗaya ne, tun da na tuba.

Na ce masa ina da abubuwa da yawa da na tuba daga gare su, in yana da lokaci zan lissafa masa, wasu ma ko matata ba ta sani ba. Amma wannan ba ya ciki. In yana so in yi wa matasa magana zan yi, sai dai a bakin fili zan yi ta, ranar Asabar, bayan sun gama wasa. Ya ce zai yi shawara da dattawa. Har yanzu suna shawarar.